Firinta Ba Ta Mutu Ba, Sana'a Ta Sauya

Watan jiya babbar na'urar da ke ofishin makarantarmu ta fara nuna tsufa. Ta gwanjo ce, irin mai fotokwafi da firinta a haɗe. Shekara shida ke nan da muka saye ta, kuma har yau in ka taɓa ɗan allonta sunayen wasu Jamusawa ne ke fitowa, ma'aikatan ofishin da ta baro. Duk takardar da ta fito sai ka ga baƙin layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa, kamar yaro ya ja gawayi a bango. Mai gyara ya zo sau uku. A zuwa na ukun ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, gaskiya abin da za a kashe mata ya kusa sayen wata." Jarrabawar zango kuwa saura mako uku.

Da dare na kira ɗan ƙanwata da ya karanta kwamfuta, don in ji wacce zai ce mu saya. Sai da ya yi dariyarsa ta ishe shi tukuna. "Kawu, firinta kuma? A wannan zamanin? Ai kamar ka ce za ka zuba jari a sayar da aci-bal-bal ne. Nan da shekara biyar ba za ka ga takarda a ofis ba, komai ya koma waya."

Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Na ji ta a bakin manyan ma'aikata, na ji ta a tarukan bita, gwamnatin tarayyar Najeriya ma ta sa wa ma'aikatunta wa'adin ƙarshen 2025 su rabu da fayil na takarda. Kuma masu wannan magana ba da ka suke yin ta ba. Wasiƙar da a da masinja zai hau keke ya kai, a sa hannu a littafinsa, yanzu imel ce. Takardar albashi, bayanin asusu daga banki, sanarwar taro, duk sun shige waya. A Istoniya kusan babu wata hulɗa da hukuma da sai mutum ya riƙe takarda. Da annobar korona ta kulle ofisoshi a 2020, miliyoyin mutane sun gano cewa rabin abin da suke bugawa sabo ne kawai. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin su ma sun ji a jikinsu. Samsung ya sayar wa HP sashensa na firinta a 2017 kan dala biliyan ɗaya da ɗoriya. Ricoh da Toshiba Tec sun haɗe masana'antunsu a 2024, Xerox kuma ya saye Lexmark a 2025. Kasuwar da ke ci ba a ganin 'yan kasuwarta suna haɗe rumfuna.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da ɗan nawa da masu ra'ayinsa shi ne, rama daban, mutuwa daban. Kuma wannan wa'adi na "nan da shekara biyar" ya girme shi nesa ba kusa ba.

Wanda bai ga yadda ake wahalar kwafi a da ba, da wuya ya gane abin da na'urorin nan suka yi wa ofis. Muna firamare, in jarrabawa ta ƙarato, akawun hedimasta yakan cire ribon daga keken rubutunsa ya ɗaura sitansil, wata takarda mai kakin zuma. Kowane harafi sai ya buga shi da ƙarfi don ya huda kakin. In ya cika ƙarfi a kan harafin "o" sai cikinsa ya ɓalle, ya fito a takarda kamar ɗigon kwalli. In ya yi kuskure sai ya shafa wani ruwa mai launin hoda da warin man farce, ya hura masa iska, ya jira ya bushe, ya sake bugawa. Sannan a naɗe sitansil ɗin a jikin gangar na'urar da muke kira gestetna, a matsa baƙar tawada mai kauri daga kwanso kamar na man goge baki, a kira babban yaro daga wani ajin ya riƙa juya hannu. Sunan na David Gestetner ne, mutumin Hungari da ya zauna a Landan ya ƙirƙiro dabarar tun cikin shekarun 1880. Wasiƙa kuwa da kabon ake yin ta: ta sama raɗau, ta biyu da dama-dama, ta huɗu sai mai ido. A wancan zamani duk takardar da aka ce a yi mata kwafi, sai an tabbatar ta cancanta.

Irin wannan wahala ce ta ishi Chester Carlson, wani Ba'amurke mai aikin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire da ke karatun lauya da dare, yana kwafar littattafai da hannu. Ran 22 ga Oktoba 1938, a wani ɗaki a unguwar Astoria ta birnin Niyok, shi da mataimakinsa Otto Kornei suka fitar da kwafi na farko ba tare da jiƙa takarda da wani sinadari ba. Kwanan watan ranar da sunan unguwar suka kwafa. Sirrin abin ba wani ɓoyayye ba ne: wutar nan ce da ke sa biron da aka goga a gashi ya ɗauki guntun takarda. A caja faranti da ita, a haska masa shafi, caji ya gudu daga inda haske ya taɓa ya rage a inda rubutu yake, a barbaɗa baƙin gari ya manne a wurin, a ɗora takarda, a gasa. Kamfanoni fiye da ashirin suka juya masa baya, har da IBM. Wani ƙaramin kamfanin takardar hoto mai suna Haloid ne ya karɓa, kuma sai 1959 ya fito da Xerox 914, mai nauyin kusan kilo 300, wadda takan ƙona takarda har ana haɗa ta da ɗan abin kashe gobara. Galibi ba a saye ake ba da ita ba, haya ce: dala 95 a wata da kwafi 2,000 a ciki, abin da ya ƙaru a biya santi 4 kan kowanne. A riƙe wannan batu na haya, zan dawo kansa. Abin da ya ba kamfanin kansa mamaki shi ne yadda ofisoshi suka ninka dubu biyun nan sau da yawa. Da kwafi ya yi sauƙi, sai kowa ya ga yana bukatar nasa.

To, ran 30 ga Yuni 1975 mujallar BusinessWeek ta fito da dogon rahoto a kan ofishin gobe. A ciki George Pake, shugaban cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, ya yi hasashen cewa nan da 1995 zai riƙa kiran takardunsa a kan allo kamar na talabijin a teburinsa, kuma yana shakkar ko zai bukaci takarda da yawa. Daga wannan rahoto maganar ofis marar takarda ta bazu. Pake ya faɗi gaskiya a kan allon. Abin dariyar shi ne, a cikin cibiyar da yake shugabanta akwai wani injiniya, Gary Starkweather, wanda tun 1971 ya ɗauki na'urar fotokwafi ya sa mata hasken leza, yadda kwamfuta ce za ta zana rubutu a jikin gangar maimakon a haska wani shafi. Wato a gida guda ake tanadin likkafanin takarda, a ɗaki na gaba kuma ana renon abin da zai cika duniya da ita. IBM ya fito da 3800 a 1976, Xerox ya biyo da 9700 a 1977 mai shafi 120 a minti, amma waɗannan sai bankuna da kamfanonin inshora, don kowacce sai ta cinye ɗaki. A 1984 HP ya fito da LaserJet mai injin Canon, shafi 8 a minti, kan dala 3,495, ta hau tebur. Shekara guda bayan nan Apple ya kawo LaserWriter. A tsakanin 1980 da 2000, shekarun da aka ce takarda za ta ƙare, abin da ofisoshin duniya ke ci na takarda ya fi ninki biyu. Dalilin a fili yake. Kwamfuta ta sa haihuwar takardu ta yi araha, imel ya kai su ga mutum hamsin a lokaci guda, kowanne daga cikinsu kuma ya danna a buga.

Bari in ɗan ratse, don mu masu rubutu da Hausa muna da bashin da ba mu cika tunawa ba. Keken rubutun da ake shigo da shi ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Akawu mai himma yakan bi shafi da alƙalami bayan ya gama yana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Malalaci kuwa sai ya bar su, mai karatu ya yi ta lalube ko baki ake nufi ko baƙi, kafa ko ƙafa. Duk na'urar da ke buga harafin ƙarfe ba ta da abin da ba a zuba mata a maƙera ba. Ita kuwa ta leza da ta feshin tawada ba su san harafi ba, ɗigo suka sani, ɗaruruwa a kowane inci. Duk siffar da kwamfuta ta aiko za su zana, ko ƙ ce ko ajami. An daɗe ana fama da kwamfutocin da ke maida haruffan nan akwatuna, amma ranar da aka warware wannan, ƙaramin ofis a Gusau ko Maraɗi ya iya fitar da shafin Hausa daidai, abin da a da sai an je babbar maɗaba'a.

Yanzu ga inda nake ganin masu cewa takarda ta mutu suka yi tuntuɓe. Sun ɗauka aikinta guda ne, ajiya. In don ajiya ne, kwamfuta ta gama da ita tuni, kuma Allah ya raka taki gona. Duk wanda ya taɓa shiga rajistirin ma'aikata ya ga fayil-fayil ɗaure da igiya har rufi, gara ta ci rabi, ruwan damina ya jiƙa sauran, a ce masa fayil ɗinsa ya ɓata ya dawo jibi, ba zai yi kewar wannan ba. Amma takarda tana da wasu ayyukan. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike biyu, Abigail Sellen da Richard Harper, sun fitar da littafi bayan sun zauna suna kallon yadda ma'aikata ke aiki, har da masana tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Washintan. Mutanen nan suna da kwamfuta mafi kyau a zamaninsu, amma in za su duba rahoton abokin aiki sai su buga shi, su baza shafuka a tebur, su yi ta zane a gefe. Ni ma ina gani a ofishinmu. Mai kula da kuɗinmu a kwamfuta take duk lissafinta, amma ranar da alƙaluma suka ƙi haɗuwa sai ta buga shafukan biyu ta jera su, ta ɗora rula tana sauko da ita layi-layi har ta kama ɓarawon. Tana gamawa ta yage su. Takardar ba ta zama ma'ajiya ba, allo ce aka yi rubutu aka wanke. Abin da ya sauya ke nan a zamaninmu: a da takarda ce asali, abin da ke kwamfuta kwafi. Yanzu asalin yana kwamfuta, takardar ce baƙuwa mai kwana ɗaya. Kuma baƙuwar da za a yage gobe ai dole a sake bugo ta jibi.

Sai aikin shaida, wanda ya fi ƙarfi. Indiya ta koma zaɓe da na'ura baki ɗaya a 2004, ta huta da buga takardun ƙuri'a na ɗaruruwan miliyoyin mutane. Sai jama'a suka fara tambaya: ina tabbacin abin da na danna shi aka ƙirga? Maganar ta kai kotun ƙolin ƙasar, kuma maganin da aka samo shi ne a jona wa na'urar firinta. Mai zaɓe ya danna, 'yar takarda ta fito bayan gilashi ya gan ta tsawon daƙiƙa 7, sannan ta faɗa akwati. A zaɓen 2019 kowace rumfa tana da ita. Na'urar da aka ƙera don ta kori takarda ita aka ɗaura wa firinta a ƙugu. A Najeriya ma, a zaɓen 2023, na'ura ce ke tantance mai zaɓe, amma sakamakon rumfa a takarda ake rubuta shi, wakilan jam'iyyu su sa hannu, sannan a ɗauki hotonsa a tura. Gani ya kori ji, kuma har yau ɗan'adam ya fi yarda da abin da zai riƙe a hannu ya ce ga shi.

Ba sai an je rumfar zaɓe ba. Tsaya gaban mai POS a bakin kasuwa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tura kuɗi ta waya, wannan ai nasara ce ga masu ra'ayin ɗana. Amma da kuɗin ya ƙi shiga, ko aka fara jin labarin alat na bogi, me dattijuwar da ta zo cire kuɗin adashi take cewa? "Ɗan nan, bugo mini risit." Wancan ɗan zuu da kake ji firinta ce. Ba ta da tawada ko ɗigo, zafi ne ke baƙanta takardar da aka shafa wa sinadari, shi ya sa in ka bar risit ɗin a gaban mota da rana za ka tarar ya dushe ko ya yi baƙi ƙirin. Ba a taɓa yin zamanin da firinta ta yawaita a titunanmu kamar yau ba, sai dai ba ma kiran ta da sunanta. Haka JAMB: tun 2015 jarrabawarta ta koma kwamfuta zalla, amma je ka bizines senta a makon jarrabawa ka ga layin yara masu bugo takardar da ke nuna cibiya da rana, sannan ta sakamako, sannan ta samun gurbi. Har tsohuwar firinta mai allura, irin Epson ɗin nan mai kuka kamar gyare, ba ta bar wasu ofisoshin sufuri da ɗakunan ajiyar kaya ba, don ita kaɗai ke dukan takarda da ƙarfin da zai ratsa kabon ya fitar da kwafi uku a bugu guda.

Ba duk wannan nake karewa ba. Ofishin da zai ce ka cike fom a intanet, sannan ka bugo shi, ka yi masa fotokwafi huɗu, ka haɗa da kwafin takardar da shi da kansa ya ba ka, wannan ba bukata ba ce, tsohuwar ɗabi'a ce ta sami sabuwar riga. An sayar da kare an sayi biri. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Japan, gidan Canon da Epson da Ricoh da Brother da Kyocera, sai a 2020 gwamnatinta ta tashi haiƙan don rage dogaro da hatimin hannu a takardun hukuma. Irin wannan bugu zai ragu, kuma gara ya ragu.

To ina aka dosa? Abin da ya fi burge ni shi ne, babban sauyin shekarun nan ba daga ƙasashen masu kuɗi ya taso ba. Shekaru da dama dabarar kamfanoni ita ce su sayar da na'urar da araha su rama a tawada. Ka sayi firinta kana murna, katirij ɗin da ta zo da shi ya ƙare a wata guda, ka je saye ka tarar biyu sun kusa kuɗin na'urar. Araha ba ta ado. Masu gyara suka koyi ɗura tawada da sirinji da cika katirij da garin tona, kamfanoni suka maƙala wa katirij ɗan guntun lantarki mai tona asiri. A 2016 wata sabunta manhaja ta sa wasu firintocin HP suka wayi gari suna ƙin katirij ɗin da ba na kamfanin ba, aka yi ta ƙorafi. A 2017 kotun ƙolin Amurka ta yanke wa Lexmark hukunci cewa da zarar ya sayar da katirij, ba zai fake da haƙƙin ƙirƙira ya hana wani cika shi ya sake sayarwa ba. A 2022, da guntayen lantarkin suka yi ƙaranci a duniya, Canon ya fitar da tona babu su, har ya koma yana koya wa mutane yadda za su tsallake gargaɗin da na'urarsa ke yi a kan nasa kayan. Amma masu gyara na kudu maso gabashin Asiya ba su jira kotu ba. Kwalabe suke jerawa a gefen firinta su ja siraran robobi zuwa kanta. Epson ya duba ya ga ba zai iya da su ba, sai ya bi su: a 2010, a Indunusiya, ya fara sayar da firinta mai tankin tawada daga masana'anta. Na'urar ta fi tsada, tawadar kuwa a kwalba, mai buga dubban shafuka. Sai a 2015 ta isa Amurka da sunan EcoTank, kuma yau Canon da HP da Brother duk suna da irinta. Dabarar mai gyaran bakin titi ce ta hau sama.

A 2022 Epson ya ƙara da cewa zai daina sayar da firintar leza baki ɗaya nan da 2026. Dalilin da ya bayar shi ne wuta, kuma wannan mu ba sai an yi mana bayani ba. Ta leza sai ta gasa tona a zafin da ya kusa digiri 200 kafin ya kama takarda, don haka da ta fara ɗumi za ka ji muryar ƙaramin janareta ta sauya, inbata kuwa ta yi ƙara ta ɗauke. Ƙaramar mai tanki ba ta jan ko abin da fankar sama ke ja, sola madaidaiciya za ta riƙe ta. Sai dai kada a ɗauka na ce ta fi ta kowace fuska. Ramukan da take feso tawada ta cikinsu sun fi gashi siranta, in aka bar ta dogon hutu cikin ƙura da bushewar hunturu sai su toshe. Wata tawadar ɗigon ruwa kaɗai ke narka ta, takardar shaida kuwa ba a yi mata haka. Ofishin da ke buga dubbai a rana har yanzu da leza zai fi samun kwanciyar hankali.

Sai maganar haya da na ce a riƙe. Manyan ofisoshi da dama a yau ba sa sayen na'ura, kwangila suke yi: kamfani ya kawo, ya gyara, ya zuba tona, a biya shi gwargwadon shafi. Ma'aikaci ya tura aiki, amma ba ya fita sai ya je ya taɓa katinsa a jikin na'urar, don haka tarin takardun da ake bugawa a manta da su ya ragu. HP ya kai tsarin har gida tun 2013: firintar da kanta ke sanar da kamfani ta intanet cewa tawada ta kusa ƙarewa, a aiko, ka riƙa biya duk wata, ranar da ka daina biya katirij ɗin ya daina aiki ko da a cike yake. An zaga an dawo kan dala 95 ta 1959. Ni wannan bai kwanta mini ba, abin da na saya da kuɗina a ce sai da izinin wani zai yi aiki. Amma can aka nufa, kuma mai saye gara ya sani kafin ya sa hannu.

Akwai kuma abin da ɗana bai lura da shi ba, wanda ya fi kusa da burinsa. Na'urar ofis ta yau baki biyu gare ta. A da ƙofar fita ce kawai daga kwamfuta zuwa takarda, yanzu sikanar da ke kanta ta zama ƙofar shiga. Ka zuba mata shafi hamsin ta zuƙe su gaba da baya, ta karanta rubutun, ta maida shi PDF da za a iya bincika kalma a cikinsa, ta tura inda aka ce. Ma'aikatar da ke son rabuwa da fayil ɗin shekara arba'in ta wace hanya za ta bi in ba ta nan ba? Ofis marar takarda ma sai da wannan na'ura ake gina shi. Bugawar kanta ta sauƙaƙa: tun da Apple ya fito da AirPrint a 2010 waya ke magana da firinta kai tsaye, Microsoft ma ya sanar a 2023 cewa zai janye daga tsarin da kowace firinta sai an girka mata tata manhajar.

Da a ce kuskuren masu wannan ra'ayi a baki ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Illarsa ita ce, abin da aka ɗauka ya mutu ba a kula da shi. Ofis zai kashe kuɗi ya tsare kwamfutocinsa, ya bar firinta a lungu da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, alhali ita ma kwamfuta ce, tana jone da kowa, kuma duk takardar sirri ta cikinta take bi. A 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin na'urorin fotokwafi huɗu daga wani ɗakin ajiya, aka ciro faifan ajiyar da ke cikinsu, sai ga dubban takardu: bayanan 'yan sanda, takardun albashi, bayanan marasa lafiya. Masu su sun sayar ba su san na'urar tana riƙe hoton abin da ta kwafa ba. Mu da muke sayen na gwanjo, mu kuma sayar wa 'yan gwangwan in sun mutu, wannan labari namu ne. Sannan wanda ya yarda takarda ta ƙare ba ya zama ya yi lissafin nawa shafi guda ke ci masa. Sai jarrabawa ta ƙure shi ya ruga kasuwa ya ɗauko mafi araha.

Haka na zayyana wa ɗana, ba a dare guda ba. Bai sallama duka ba, kuma bai kamata ya sallama ba. Ya ce, "To Kawu, na ji, amma sakamakon yara fa? Me ya sa sai kun buga wa kowane uba?" Nan kam ya kama ni. Muka yi yarjejeniya: sakamako da sanarwa za su riƙa tafiya ta WhatsApp, sai wanda ya nemi na takarda a buga masa. Takardun jarrabawa kuwa dole a buga, don ba mu da kwamfuta ɗari uku, ba mu da wutar da za ta riƙe su.

Mun sayi mai tanki, mai sikana a ka. Shi ya zo ranar Asabar ya haɗa ta da wayoyin malamai, ya sauya kalmar sirrin, ya rubuta a jikin kalanda cewa ko ana hutu mai gadi ya tuna wa wani ya buga shafi guda duk mako don kada ta toshe. Kafin 'yan gwangwan su ɗauki tsohuwar, ya durƙusa bayanta da sukundireba ya kwance wani murfi, ya zaro faifan ajiyarta, bai fi tafin hannu ba, ya hure ƙurar ya miƙo mini. Yana nan cikin durowata, tare da hatimin makaranta.